Tsutsar jikin kifi: kowace da kifin da take kamawa, sai dai akwai masu tsallake iyaka

Idan kana kiwon kifi, akwai abokin gaba da ba lallai idonka ya gan shi ba. Wata 'yar tsutsa ce shimfiɗaɗɗiya kamar ganye, wadda masana ke kira Monogenea. Tana da ƙugiyoyi a ƙarshen jikinta, da su take maƙalewa a fatar kifi ko a jan naman nan na gefen kansa da yake numfashi da shi. Yauƙin jikinsa da fatarsa take ci, wasu kuma jini suke sha. Ba ta buƙatar dodon koɗi ko tsuntsu kafin ta yaɗu, daga kifi zuwa kifi kawai take tafiya. Shi ya sa cunkoso yake yi mata daɗi.

Yawancin waɗannan tsutsotsi masu zaɓe ne. Kowace tana da kifin da ta saba da shi, ko shi kaɗai ko shi da danginsa na kusa. Irin da ake kira Cichlidogyrus, karfasa da danginta ya fi kamawa. Quadriacanthus kuwa a jikin tarwada ake samunsa. To amma kada wannan ya sa ka saki jiki.

Dubi abin da ya faru a teku. Akwai wata mai suna Neobenedenia, ita ba ruwanta da zaɓe, an same ta a jikin nau'in kifi sama da 100. Da aka gwada kiwon karfasa cikin keji a ruwan teku a Hawai da yankin Karibiyan, sai tsutsar nan ta far mata, tana cin fata da ido har kifi ya makance. Karfasa ba ta san ta ba a ruwan daɗi, an kai ta gidan wasu ta gamu da ita.

Ƙasar Norwe kuwa tsutsar aka kawo mata. A 1975 aka fara ganin Gyrodactylus salaris a can, bayan an shigo da 'ya'yan kifin salmon daga Suwidin. Tsawonta kusan rabin milimita ne, kuma haihuwa take yi ba ƙwai ba, 'yar da za ta haifa ma tana ɗauke da wata a cikinta. Salmon na yankin tekun Baltik ya daɗe tare da ita, jikinsa yana iya jurewa. Na Norwe bai san ta ba, sai ta riƙa kashe ƙananansa a koguna kimanin 50. Sai da ta kai hukuma tana zuba gubar rotenon a kogi, a kashe kifin gaba ɗaya don a rabu da ita.

Nan ne binciken ƙwayoyin gado ya yi amfani. A madubin likita tsutsotsi biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, amma binciken ya nuna ko a cikin nau'i ɗaya akwai zuri'a daban-daban, wata mai kisa, wata mai sauƙi. Wato kifin da ya zo maka lafiya lau yana iya ɗauke da zuri'ar da naka ba zai jure ba.

Me za ka yi?

Sabbin 'ya'yan kifi, ware su a wani kwami na sati biyu zuwa uku kafin ka haɗa su da na gida. Kada ka ɗebo kifin rafi ko na dam ka zuba cikin na kiwo. Kowane kwami da komarsa da bokitinsa, in ka yi amfani da su ka wanke ka shanya a rana su bushe ƙayau. Rage cunkoso, ka kula da canjin ruwa.

Ka sa ido: kifi yana goga jiki a bango, yauƙi ya yi masa yawa, ya ƙi cin abinci, ko numfashi yana yi masa wuya. A Japan masu kiwon kifin teku sukan tsoma shi a ruwan daɗi na 'yan mintuna, tsutsar ta saki. Na ruwan daɗi kuwa wankan ruwan gishiri ake yi masa. Amma nemi likitan dabbobi ko malamin gona ya auna maka, kuma ka sani wanka ɗaya ba ya kashe ƙwai, sai an maimaita.