Ziyartar Louvre da keken guragu ko sandar dogarawa: abin da ya kamata ku sani

Babu wani gidan adana zane-zane da kayan tarihi a duniya da ya kai Louvre na birnin Paris karɓar baƙi. A shekarar 2024 kaɗai mutum miliyan 8.7 ne suka shiga cikinsa. A cikin wannan taron akwai masu keken guragu, akwai dattijan da gwiwa ta fara ba su matsala, akwai wanda bai daɗe da tashi daga aikin ƙugu ba, akwai mai ciwon zuciya da ba ya iya doguwar tafiya sai ya zauna ya numfasa. Dukkansu abu ɗaya suke son sani kafin su taso: shin ginin zai bar su su kai ga abin da suka zo gani? Amsar ita ce galibi zai bar su, kuma an yi musu tanadi mai kyau. Sai dai tanadin ba ya amfanar wanda bai san da shi ba, kuma akwai wuraren da har yau bai kai ba.

Tushen wahalar shi ne ba don baƙi aka gina Louvre ba. Sarki Philippe Auguste ne ya fara gina shi wajen shekarar 1190 a matsayin sansanin tsaron birni. Daga baya ya zama fadar sarakunan Faransa, kowane sarki ya zo ya ƙara nasa sashen, har zuwa 1793 da aka buɗe shi ga jama'a a lokacin juyin juya halin Faransa. Ginin da aka yi ta ƙara wa sassa tsawon ƙarnuka ba ya zuwa daidai wa daida: daɓen wannan ɗaki ya ɗara na wancan tsawo, sai a haɗa su da matakala uku ko biyar. Mai lafiyar ƙafa ba ya ma lura ya taka su. Ga mai keke kuwa, matakala uku da matakala talatin duk ɗaya ne, domin ko wacce ta tsayar da shi. Kuma tunda ginin kansa kayan tarihi ne da doka ke karewa, ba a fasa bango ko a rushe matakalar marmara yadda aka ga dama.

A ranar 11 ga Fabrairun 2005 Faransa ta kafa dokar daidaita haƙƙi da dama ga masu lalurar nakasa, wadda ta ba duk wuraren da jama'a ke shiga shekara goma su gyara. Da 2015 ta matso aka ga da yawa ba su kusa gamawa ba, sai aka ƙara musu wa'adi. Abin da ya fi burge ni a dokar shi ne yadda ta ɗauki tafiyar mutum a matsayin sarƙa guda: daga ƙofar gidansa, zuwa titi, zuwa abin hawa, zuwa ƙofar gini, zuwa cikinsa. Idan zobe ɗaya ya tsinke, sauran ba su da amfani. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a auna Louvre da shi, kuma da shi za a gane cewa zoben da ya fi rauni yana waje, tun kafin a iso ƙofa.

Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke bakin gidan, wato Palais Royal–Musée du Louvre, layi na 1 da na 7 ne ke bi ta cikinta, kuma ba a yi ta don mai keken guragu ba. A duk jiragen ƙarƙashin ƙasa na Paris, layi na 14 ne kaɗai, wanda aka buɗe a 1998, mai keke zai iya bi daga farkonsa har ƙarshensa. Tasharsa mafi kusa ita ce Pyramides, kuma daga nan akwai 'yar tafiya a kan titi. Ko gasar Paralympics ta nakasassu da birnin ya karɓi baƙunci a 2024 ba ta sauya wannan ba. Motocin bas na cikin gari su ne mafita, domin suna da farantin da ke saukowa ya haɗu da gefen titi, da gurbin ajiye keke a ciki. Wanda ya zo da mota ko tasi, akwai wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa ta titin Général Lemonnier. A kuma sani cewa farfajiyar gidan da duwatsu aka shimfiɗa ta, suna jijjiga keke, suna kuma gajiyar da mai turawa.

Da an iso ƙofa, al'amari ya sauya. Babbar mashigar ita ce dalar gilashin nan da Ieoh Ming Pei ya tsara, aka buɗe a 1989. Mai lalura da mutum ɗaya da ke rakiyarsa ba sa bin layi: su nufi ma'aikatan da ke bakin ƙofa kai tsaye, za a ba su hanya. A cikin dalar akwai matakala mai murɗewa da ke sauka zuwa babban zauren ƙasa, a tsakiyarta kuma akwai wata lifta mai siffar ganga, buɗaɗɗiya ba rufi, da ke tasowa daga ƙasa ta ɗauki mutum ta sauke shi a hankali. An tanade ta ne don masu keke, da masu wahalar tafiya, da masu tura jarirai. A ganina wannan liftar darasi ce ga duk mai tsara gini. Mai keke yana shiga ta ƙofar da kowa ke shiga, a tsakiyar jama'a, ba a zagaya da shi ta bayan gida inda ake sauke kaya ba. Mutunci na cikin abin da ake nema, ba isa wurin kawai ba. Akwai kuma wata mashigar ta rukunin kantunan Carrousel, a lamba 99 titin Rivoli, wadda ke da amfani ranar ruwan sama ko tsananin sanyi.

Kuɗin shiga ma an ɗauke. Mai lalurar nakasa da mai rakiyarsa ɗaya suna shiga kyauta, amma sai an nuna shaida. Saboda haka wanda zai taso daga wata ƙasa ya riƙo katinsa na hukuma, ko takardar likita da aka rubuta da Faransanci ko Turanci, tare da fasfo. Yana da kyau kuma a kama lokacin shiga ta intanet tun kafin ranar, domin gidan ya taƙaita yawan masu shiga zuwa kimanin 30,000 a rana.

A zauren da ke ƙarƙashin dalar akwai wurin taimaka wa baƙi, inda ake ba da aron keken guragu, da kujerar naɗewa, da sandar dogarawa, duk kyauta, mutum ya ajiye katin shaidarsa ya karɓa idan ya dawo da kayan. A nan nake so in ja hankalin iyayenmu da kakanninmu, da 'ya'yan da ke kai su. Da yawan dattijai suna ƙin hawa keke, suna ganin wanda ke iya taka ƙafarsa bai kamata ya hau ba. To, a dubi girman wurin tukuna. Filin da aka baje kolin kaya ya haura murabba'in mita 70,000, ɗakunan sun kai ɗari huɗu, kayan da ke a fili kuwa kusan 35,000 ne. Ko saurayi mai jini a jika yakan fita da ciwon ƙafa. Kuma tafiyar gidan tarihi ta fi tafiyar hanya cin jiki, saboda taku biyu ne a tsaya, taku biyu a tsaya, a kan daɓe mai tauri. Akwai bencina a manyan ɗakuna, amma lokacin cunkoso da wuya a samu gurbi, kuma ba lallai ne benci ya kasance a gaban zanen da mutum ke son ya daɗe yana kallo ba. Kujerar naɗewa tana magance wannan. Wanda ya karɓi keke ko kujera tun da safe ya fi wanda ya dage da ƙafarsa, ya gaji bayan awa guda, ganin abubuwa.

Gidan ya kasu sassa uku: Denon, Sully da Richelieu. Akwai liftoci a kowanne, akwai kuma ƙananan na'urorin ɗaga keke a wasu wuraren da daɓe bai daidaita ba. Abin lura shi ne hanyar mai keke ba ita ce hanyar da taron jama'a ke bi ba. Sau da yawa sai an wuce, an hau lifta, an dawo ta wani ɗaki. Don haka a karɓi taswirar gidan a zauren ƙasa, a roƙi ma'aikaci ya nuna liftocin da suka dace da abin da ake son gani, a kuma tambaye shi ko akwai wadda ta lalace a ranar. A lura da inda banɗakunan masu keke suke tun kafin buƙata ta taso, domin tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

Zanen Mona Lisa na Leonardo da Vinci yana sashen Denon, a babban ɗakin da ake kira Salle des États, kuma nan ne aka fi cunkoso. Mutumin da ke zaune a keke, idan ya shiga cikin taron, bayan mutane da wayoyinsu kawai zai gani. Ma'aikatan ɗakin sukan buɗe wa mai keke hanya ya matso gaba, don haka a yi musu magana, kada a tsaya a baya ana jira.

Akwai inda lifta ba ta iya maye gurbin abin da aka rasa. Mutum-mutumin nan mai fukafukai na Samothrace, wanda aka sassaƙa kusan shekara 190 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka kuma tono shi a 1863, an girke shi ne a saman babbar matakalar Daru da gangan, domin mai hawa ya riƙa ganinsa yana ƙara girma da kowane taku. Mai keke zai gan shi, amma ba ta wannan hanyar ba. Gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa mutum tun kafin ya je. Sabbin sassan kuwa sun fi sauƙi. Sashen fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a 2012 a farfajiyar Visconti ƙarƙashin wani rufi mai kama da mayafin zinariya, ginin zamani ne mai shimfiɗaɗɗen daɓe. A nan ake ajiye ƙaramin akwatin hauren giwa na al-Mughira da aka sassaƙa a Andalus a shekarar 968, da babbar tasar tagulla ta zamanin Mamluk, aikin Muhammad ibn al-Zayn. Irin waɗannan kaya da ke cikin akwatin gilashi su ne ke nuna ko an tuna da mai zaune, domin idon mai keke yana ƙasa da na mai tsaye sosai, kuma akwatin da aka ɗaga da yawa ko rubutun bayanin da aka kwantar a samansa sun fi ƙarfin ganinsa.

Wannan magana ba ta Faransa kaɗai ba ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, a sashe na 30, ta ambaci gidajen tarihi cikin wuraren da dole a buɗe musu. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu lalurar nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Tambayar da Louvre ke fama da ita, ta yadda za a buɗe tsohon gini ga kowa ba tare da an ɓata shi ba, ita ce ke gaban wurare irin su Gidan Makama na Kano. Kuma yawancin abin da ke sauƙaƙa wa baƙo a Louvre ba mai tsada ba ne: kujerar aro, izinin tsallake layi, da ma'aikacin da ya san hanya.

Shi ma Louvre bai gama nasa aikin ba. An tsara dalar ne don baƙi miliyan 4 a shekara, yanzu kuwa tana karɓar fiye da ninkin haka, kuma cunkoso ya fi cutar da wanda ba ya iya daɗewa a tsaye. A Janairun 2025 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya sanar da shirin buɗe sabuwar mashiga ta gabashin ginin da ware wa Mona Lisa ɗakinta na daban, ana sa ran kammalawa wajen 2031. Kafin nan, mai shirin zuwa ya sani cewa gidan a rufe yake kowace Talata, kuma ba dukkan ɗakuna ake buɗewa kullum ba. Ana wallafa jadawalin waɗanda za a rufe a shafin gidan na intanet, don haka a duba shi kafin a tsayar da rana. Ranakun Laraba da Juma'a ana kaiwa ƙarfe tara na dare, kuma da yamma jama'a sukan ragu, liftoci su samu sarari. A zaɓi sashe ɗaya, abubuwa biyar ko shida, a ware lokacin hutu a tsakani, a bar sauran sai wani zuwan.