Furannin Da Ba Su Cin Ruwa

Jama'a, sau da yawa mutum yakan ga furanni a ƙofar wani ofis a Gusau ko Sakkwato, ya sayo irinsu a tukunya, ya kawo gida. Kafin azahar ta bazara ta yi musu kwana bakwai sun ƙone. Daga nan sai ya ce fure ba na talaka ba ne. To, ba haka ba ne. Yawancin waɗannan kullum sai an ba su ruwa, mu kuwa a ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi mun san wahalar rijiya da rani. Mai farawa ya fara da abin da ya saba da ranarmu.

Na farko ita ce kariya. Kowa ya san ta a shinge, amma kaɗan ne suka ɗauke ta a bakin fure. Alhali kuwa a Turai da ƙasar Tailan cikin tukwane ake renonta, ana sayar da ita da daraja. Abin mamakinta shi ne da rani take fure, sa'ad da ganyenta ya zube, sai ka ga ja-ja da fari-fari bisa reshe tsirara. Ga yadda ake dasa ta. A yanko reshe mai kauri kamar kamu ɗaya, a ajiye shi a inuwa kwana 5 ko 7 har bakin yankan ya bushe, sa'an nan a kafa shi cikin ƙasa mai rairayi. Kada a yi ta kwarara mata ruwa, domin yawan ruwa shi ke ruɓar da gindinta. Sau ɗaya a mako ya isa. Tun da shiga daji ya zama abin tsoro a wajenmu, a roƙi reshe a shingen maƙwabci.

Amma a yi hankali. Ruwan jikinta dafi ne, da shi mafarauta na dā ke haɗa dafin kibiya. A wanke hannu bayan yanka, kuma a dasa ta inda yara ba su wasa.

Ta biyu albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadama, kamar fadamun Gulbin Zamfara wajen Gummi. Da saukar damina takan fid da manyan furanni farare masu jan zane. A binne kan a bar wuyansa waje. Da rani ganyen yakan mutu, kada a tone, tana nan da rai. Ita ma ba a ci, kada a ajiye ta kusa da albasar miya.

Na uku baƙo ne, marigol, asalinsa daga ƙasar Meziko, furensa rawaya ko ruwan goro. Shi ne nake so masu lambu su fi kula da shi. Iri yakan tsiro cikin mako guda, ya yi fure cikin wata biyu, kuma idan furen ya bushe a murje shi, an sami irin baɗi ke nan, ba sai an saya ba. Amfaninsa ya wuce ado. Akwai wata tsutsa da ido ba ya gani, ita ke sa saiwar tumatir da attarugu ta yi ƙulli-ƙulli, shuka ta tsumbure ko da an zuba taki. Saiwar marigol tana fid da wani abu mai rage wannan tsutsa. Sai dai tsiro biyu ko uku a gefen kwami ba za su yi kome ba. A cika kwamin da shi ya yi wata biyu zuwa uku, sa'an nan a cire a dasa tumatir.

Saura maganar ƙasar da za a zuba a tukunya. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Kada a ɗebo ƙasa ko rairayi daga inda ake niƙa dutsen zinariya ko wanke shi a kawo cikin gida. A ɗebo ta gona, a gauraya da ruɓaɓɓen takin shanu, kashi uku na ƙasa, kashi ɗaya na taki, a huda gindin tukunyar don ruwa ya fita.