Me Ke Hana Wani Shafin Intanet Buɗewa Alhali Akwai Sabis?

Ɗalibi a Anka, Gummi ko Bukkuyum yakan shiga shagon intanet domin duba sakamakon jarrabawarsa, sai ya tarar wasu shafuka suna buɗewa, wanda ya je dominsa kuwa ya tsaya cak. Wannan ya sha bamban da abin da ya faru a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara. A nan hanya a buɗe take, girman kaya ne ya hana wucewa.

Kwamfuta takan yayyanka saƙo zuwa ƙananan ƙunshi kafin ta aika. Kowace hanya tana da iyakar girman ƙunshin da take ɗauka, wanda masana ke kira MTU. A layin Ethernet iyakar ita ce baiti 1500. Amma idan kamfanin sadarwa yana amfani da tsarin PPPoE, baiti 8 sukan tafi ga tsarin, iyakar ta koma 1492. Misalinsa kamar motar da aka yi wa lodi ne har ta fi ƙarfin ƙofar gari.

A shekarar 1990 Jeffrey Mogul da Steve Deering suka tsara dabarar gano iyakar hanya. Na'urar da ƙunshi ya yi wa girma takan yar da shi, sannan ta aika da sanarwar ICMP domin mai aikawa ya rage. Idan katangar tsaro ta tare wannan sanarwa, mai aikawa zai yi ta maimaita babban ƙunshi, shi kuwa yana ta salwanta. Ƙananan saƙonni su wuce, manya su maƙale.

Malami zai iya gwada wannan a kwamfuta mai Windows. Sai ya rubuta ping -f -l 1472, ya bi shi da adireshin shafin. In ba a sami amsa ba, ya riƙa rage lambar har amsa ta zo, sannan ya ƙara 28, wato baiti 20 na IP da 8 na ICMP. Idan 1464 ce ta wuce, iyakar hanyar 1492 ke nan.

Maganin shi ne a sa wannan lamba a gurbin MTU na na'urar da ke rarraba intanet. Gyara mai ɗorewa kuwa yana hannun kamfanin sadarwa: ya bar sanarwar ICMP ta wuce, ko ya rage girman ƙunshin TCP tun farkon haɗuwa.