Tafasa da yaɗiya sun shiga otal, amma wa ke tsinko su?

Da ruwan farko ya sauka, tun hatsi bai kai gwiwa ba, tafasa ta riga ta rufe bakin hanya. Lokacin ne mata da ƴan mata ke sammako su tsinko ta tana ɗanya shar, a dafa, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Gasaya da malohiya da yoɗo su ma ƴan damina ne. In sanyi ya shigo sai magarya da aduwa su cika tire a kasuwa, ga fara ana soyawa. Da rani kuwa, sa'ad da daji ya bushe ƙurmus, yaɗiya da jiga ke riƙe gida. Kowace mai saida ganye a Maradi, Damagaram ko Tawa ta san wannan lissafi ba tare da ta duba kalanda ba.

Abin da ya sake shi ne masu saye. A da, baƙon da ya sauka otal a Yamai, shinkafar waje da soyayyen dankalin turawa ake ajiye masa, kamar ƙasar ba ta da tukunya. Otal-otal sun ƙaru, musamman da taron Tarayyar Afirka na 2019, kuma baƙo ya fara tambayar abincin ƙasa. Yau wasu gidajen cin abinci na sa dambu da kwaɗon zogala a faranti mai tsada, wanda ƴan Yamai ke kira kopto. Mun yi murna da haka. Mu dai ba mu manta ba, a yunwar 2005 hotunan mata masu dafa ganye da anza ne aka yi ta nuna wa duniya a matsayin alamar wahala, har wasunmu suka koma jin kunyar abincin kakanninsu.

To amma inda kuɗi ya shiga, ha'inci na biye. Mai otal na son abu ɗaya kullum, wata goma sha biyu, daji kuwa ba ya aiki haka. Sai a jiƙa busasshen ganyen bara a ce ɗanye ne, ko a cika kwaɗo da kabeji a bar sunan tafasa. Busasshen ganye ba laifi ba ne, da shi iyayenmu ke ƙetare rani. Laifin shi ne a ɓoye wa mai ci. Tafasar da ta fara ƴaƴa ta tsufa, ko nawa aka zuba mai ba ta komawa ta farkon damina.

Anza ta fi kowanne buƙatar gaskiya. Ɗacinta ba ya fita sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa, kuma wadda aka yi wa gaggawa tana iya cutar da mai ci. Haka fara: wadda aka kama a gonar da aka yi wa feshi ba ta sayarwa ba ce, ko da mai saye ya ninka kuɗi. Baƙo ɗaya ya kwanta ciwo, duk layin masu ganye ne ke rasa ciniki.

Akwai misalin da ya kamata masu otal su duba. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods, da aka kafa a 2014, yana sayen anza da aduwa da magarya hannun matan karkara, ya sarrafa su ya saida da sunansu na asali. A jihar Maradi kuma, tun 1983 manoma suka soma barin kututture ya tofo a gona, abin da muke kira sassaben zamani, har itatuwa suka dawo a fili kimanin hekta miliyan 5 a faɗin ƙasar. Da yawa daga abin da ake tsinka yau, daga nan yake fitowa.

Shawararmu ga ƴan'uwa mata: in kuku ya zo saro, ku faɗa masa watan da abu ke ƙarewa, ku kuma sa kuɗin tafiyar daji, da ƙaya, da ruwan jiƙo cikin farashi, domin shi ba ya rage wa baƙonsa ko dala. Ku bar wa itace rabonsa, kada a sassare reshen jiga don cinikin rana ɗaya. Mai otal kuwa, in tafasa ta wuce, ya rubuta yaɗiya a allonsa.