Shirin Musamman: Koyon Sana'ar Fim a Garwa, Daga Aji Zuwa Lokeshin

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau muna Garwa, a bakin kogin Binuwai, za mu duba yadda ake koyon sana'ar fim, da irin gumin da ɗalibi yake zubarwa kafin a kira shi darakta.

Kallon fim ba baƙon abu ba ne a arewacin Kamaru. Dattawan Garwa ba su manta da silimar Ribadu ba. Tun da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa suke ƙetaro iyaka, daga kaset zuwa faifai zuwa waya. Sai dai mun fi ƙarfi a kallo, a shiryawa kuwa an bar mu a baya. A da, mai son karatun fim sai ya niƙi gari ya nufi kudu, Jami'ar Yawunde ta Ɗaya ko cibiyar fasaha ta Fumban, ko ya bar ƙasar ɗungurungum. A 2022 aka kafa Jami'ar Garwa, kuma cikin sassanta har da cibiyar fasaha da ƙirƙira. Ga kuma waya mai kyamara a aljihun kusan kowane matashi. Kayan aiki sun matso kusa, saura sanin aikin, wanda shi ba a sayensa a kasuwa.

(Kiɗa)

Darasin farko na takarda ne. Ɗalibi ya zo da zumuɗin riƙe kyamara, malami ya miƙa masa alƙalami. A ƙa'idar tsara labari, shafi ɗaya yana ba da kusan minti ɗaya a allo. Ba a rubuta cewa uwa tana cikin damuwa, domin kyamara ba ta ganin zuciya. Sai a rubuta abin da ido zai gani: ta zuba tuwo kwano huɗu, alhali yara uku ne zaune a tabarma. Mai kallo da kansa zai gane akwai wanda bai dawo gida ba.

Sannan a zo kan ɗaukar hoto. Akwai hoton nesa mai nuna wuri, da matsakaici mai nuna mutum daga ƙugu zuwa sama, da na kusa mai cika allo da fuska. Akwai kuma wata doka da kowane sabon shiga yake karyawa. Ɗauki misalin mutum biyu suna hira a teburin mai shayi a unguwar Yelwa. Ka ja layi a ranka daga wannan zuwa wancan, kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin har hirar ta ƙare. Idan ta tsallake, a allo sai ka ga dukansu sun juya gefe guda, a rasa wa ke yi wa wa magana.

Haske kuwa, a nan Garwa take ba da nata darasin. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, rana ta tsaya tsakar ka, ta zuba baƙar inuwa a kwarmin idon ɗan wasa, farar riga ta ƙone a hoto har a daina ganin aikin da ke wuyanta. Shi ya sa wanda ya san aiki yake fita da sassafe, ko ya jira bayan la'asar, lokacin da rana ta kwanta take haska fuska ta gefe. Idan dole sai da tsakar rana, a shigar da ɗan wasa inuwar darbejiya, yaro ɗaya ya riƙe farin kwali yana maido masa haske a fuska. Lokacin hunturu hazo yana tausasa haske, amma ƙurarsa maƙiyiyar gilashin kyamara ce, sai an yi ta rufewa ana gogewa.

(Ƙarar babura da hayaniyar kasuwa)

Kun ji wannan hayaniya? Ita ce ke kashe finafinan sababbin shiga. Mai kallo zai yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana ya tashi ke nan. Babura, injin niƙa, janareta, duk makirfo ba ya tankaɗe su yadda kunnen mutum yake yi. Don haka ake ɗaura makirfon a doguwar sanda, a kusanto da shi saman kan mai magana ba tare da ya leƙo cikin hoto ba. Kafin a tashi daga lokeshin, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi sautin wurin, domin da shi za a cike giɓi ranar tacewa. Kuma darakta mai hankali yana tsara aikinsa da lokutan salla, don kada kiran salla ya shiga cikin sautin.

A ɗakin tacewa ne asirin kowa yake tonuwa. Hular da ta karkata dama a wannan hoto ta koma hagu a na gaba, kofin da aka sha rabi ya sake cika. Aikin mai kula da daidaito ke nan, ya rubuta komai a littafi tun a lokeshin. A nan ne kuma ɗalibi yake koyon abu mafi ciwo: yanke hoton da ya sha wuya a kansa, idan bai ƙara wa labari komai ba. Bayan haka ga fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, domin fim ɗin da aka yi da Fillanci ko Hausa ya isa Duwala da Wagadugu.

(Kiɗa)

Wani zai ce, shin sai an shiga jami'a? Tarihi ya nuna hanya biyu ce. Umaru Ganda na Nijar lebura ne a tashar jiragen ruwan Abijan lokacin da darakta Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Daga nan ya koyi aiki da hannu, har fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ɗauki babbar kyautar bikin fim na FESPACO a 1972. Mahamat-Saleh Haroun na Chadi kuwa makarantar fim ya yi a Faransa, kuma a 2010 ya samu kyautar alƙalai a bikin fim na Cannes. Abin da ya haɗa su shi ne sun ƙware a ƙa'ida, sannan suka juya kyamara ga mutanensu.

Labaran arewacin Kamaru ma duniya na son ji. A 2023 Cyrielle Raingou, 'yar Kamaru, ta ci babbar kyautar bikin fim na Rotterdam da fim ɗin Le Spectre de Boko Haram, wanda ta ɗauka a Kolofata, tana bin rayuwar yara a tsakiyar rikici. To ina labarin masuntan Lagdo, da manoman auduga, da makiyaya, da matan da ke riƙe gidaje da sana'ar ƙosai? Wanda ya tashi cikinsu, yake jin harshensu, ya san lokacin da ake sallama da lokacin da ake kawar da kai, shi ya fi dacewa ya ɗauke su. Amma zama ɗan gida ba ya gyara sauti, ba ya daidaita haske. Sai an zauna an koya.

Saboda haka, ɗalibi, kada ka jira babbar kyamara. Ku haɗu ku biyar, ku shirya fim na minti uku da waya, ku kalla tare, ku faɗa wa juna gaskiya, ku sake wani. Ku nemi shiga bikin fim na Écrans Noirs, wanda Bassek Ba Kobhio ya kafa a Yawunde a 1997. Iyaye, ku bar 'ya'ya mata su ma su koyi riƙe kyamara, domin akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ya ɗauko labarinsu ba. Attajiranmu kuma, ku sani makirfo ɗaya da kwamfutar tacewa ɗaya sun isa su ɗora aji guda a kan hanya.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)