Layin da ba mu karanta ba a takardar gwajin jini

A daminar bara aka kawo mini kawuna daga Dudunni, cikin Ƙaramar Hukumar Kusada, bayan ya shafe shekara biyu yana shan maganin olsa. Ya rame matuƙa, loma uku ke ƙosar da shi. A aljihunsa akwai tsohuwar takardar gwajin jini, wadda kowa ya duba ya ce ƙarancin jini ne, aka ba shi maganin ƙarin jini. Ba wanda ya kula da layin filatilet, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan an ji rauni. Nasa sun haura 500,000, alhali na mai lafiya kan tsaya tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita.

Mai karatu, wannan alaƙa ba sabuwa ba ce. A 1865 likitan Faransa Arman Turuso ya bayyana yadda daskarewar jini a jijiya ke tafiya tare da ciwon daji. Bayan shekara biyu ya ga alamar a hannunsa, ya gane cewa dajin ciki ne ya kama shi, kuma shi ne ajalinsa a 1867. Yanzu an fahimci dalili. Ƙarin kan saki sinadarin da ke sa hanta ta zuga ɓargo ya ƙera filatilet da yawa. Su kuma sai su lulluɓe ƙwayoyin dajin da suka shiga jini, su ɓoye su daga garkuwar jiki, har su samu wurin zama a wata gaɓa. A 2002 likitoci a Japan sun wallafa cewa masu dajin ciki da filatilet ɗinsu suka yi yawa sun fi saurin rasuwa bayan tiyata.

Amma lambar ba hukunci ba ce. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ma yana ɗaga ta, zazzaɓin cizon sauro kuma yana saukar da ita. Abin da take faɗi ga dattijo mai rama da olsar da ta ƙi jin magani shi ne a leƙa cikinsa da na'ura, ko a Katsina ko a Kano. Mu da muka yi boko, mu ake miƙo wa irin waɗannan takardu daga ƙauye, kuma ni ma sai da na sa ta a aljihu wata guda kafin na nuna wa likita.

Da aka leƙa cikin kawu, dajin ya riga ya kai hanta.