Kafin ka mai da tsohuwar mota ta tsere: birki tukuna, inji daga baya

Wasan mota ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu. Ranar ɗaurin aure ko lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, sai ka ji kukan taya daga nesa, wani matashi ya sami tsohuwar BMW ko Marsandi yana juyi da ita a tsakiyar titi, yara na sowa, manya na Allah wadai. Manyan suna da gaskiya, domin wannan ganganci ya sha cin rayuka a Arewa. Amma sha'awar da ke ran matasan ba ita ce laifin ba. Tseren mota wasa ne mai dokoki da alƙalai, kuma a ƙasashe da dama ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa ne ke yinsa a ƙarshen mako, cikin ƙungiya, da tsofaffin motocin da suka gyara da hannunsu.

Mu a jihar Kaduna ma muna da gado a wannan harka. Tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, kuma a wannan shekarar ce Fijo 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, ta sake lashe shi a 1978. A Arewa kuma an daɗe ana haɗa tseren motoci cikin shagalin bikin kamun kifi na Argungu. Saboda haka matashin Kafanchan, Zonkwa ko Kwoi da ke mafarkin tsere ba daga sama ya ɗauko abin ba. Inda ake yin kuskure shi ne wajen tsarin kashe kuɗi: kowa da inji yake farawa, alhali inji ne na ƙarshe a layi.

Mu fara da zaɓen mota. Wadda ta fi dacewa da mai koyo ita ce wadda bakanikenka ya san cikinta, kuma kayan gyaranta ba sa sa ka jiran wata guda. A wannan ma'auni Fijo 406 mai giyar hannu tana da wuyar kayarwa. An haɗa ta a Kaduna, ta cika tashoshin mota, kayanta suna nan birjik a kasuwar Panteka, kuma injinta mai lita 2.0 yana ba da ƙarfin doki wajen 135, wanda ya ishi mai koyo har ya ba shi tsoro. Da tayoyin gaba take ja, shi ya sa ba ta saurin watsa baya a kwana. BMW ƙirar E36 da E46, waɗanda 'yan wasan mota suka fi ƙauna, da tayoyin baya suke turawa, nauyinsu ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, kuma sun fi daɗin sarrafawa ga wanda hannunsa ya faɗa. Sai dai suna da halinsu. Kayan sanyaya injinsu da yawa na roba ne, suna tsufa su fashe ba sallama, ita kuma E46 an san ta da tsagewar ƙarfen ƙasa a inda ƙafafun baya suke ɗaure. Kayan gyaransu sau da yawa sai an aika Apo a Abuja ko Ladipo a Legas. Honda ɗin da ake kira End of Discussion tana da gudu, amma duk mai bin hanyoyinmu ya taɓa ganin irinta a gefen titi ƙafar gaba ta durƙushe, kuma yawancin waɗanda ke kasuwa masu giyar atomatik ne. A ganina, mai farawa ya ɗauki 406, ya bar BMW sai aljihunsa da hannunsa sun yi ƙwari.

Ranar saye, kada ka tafi kai kaɗai, kuma kada ka yarda da bakaniken dillali. Tafi da naka. Ka isa da sassafe kafin a tayar da injin, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Buɗe murfin baƙin mai ka duba: idan ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar madara ya manne a ciki, alama ce ruwa na haɗuwa da mai, gaskit ya tafi ko yana hanya. Ɗaga kafet ɗin ƙasa da na but, ka sa hanci. Warin danshi, laka a lungu, ko tsatsa a ƙarƙashin kujera suna nuna motar ta taɓa nutsewa, kuma motocin da ambaliya ta ci a Amurka suna shigowa kasuwanninmu da sabon fenti. Sannan a hau da ita kan rami a leƙa shasi. Fenti da kujeru ba su dame ka ba, tunda cire su za ka yi, ƙofar da ta lotsa ma rangwame ce gare ka. Amma shasin da ya taɓa lanƙwasa aka miƙe shi da wuta, ko motar da aka yanka biyu aka haɗa da walda, ko kyauta aka ba ka ka ce na gode ka wuce. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta dace da wadda ke cikin takardu, takardar kwastan kuma ta zama ta gaske.

Yanzu ga inda kuɗin ya kamata ya fara zuwa. Duk direban da ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos da kaya ya san warin birkin da ya ƙone, ya kuma san yadda feda ke yin laushi a ƙarƙashin ƙafa. Abin da gangaren nan ke yi wa birki, tsere yana yinsa a kowane zagaye. Dalili kuwa lissafi ne: idan ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai haɗiye kafin mota ta tsaya ya ninku sau huɗu. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma yana zuƙar danshin iska a hankali, har ma'aunin ya sauko kusan 155. A yanki mai ruwan sama da laima irin Kudancin Kaduna wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da zarar man ya tafasa, sai ka taka feda ta tafi ƙasa, mota na ci gaba da tafiyarta. Don haka a zubar da tsohon man gaba ɗaya, a sa sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a canja tiyo, a sa takalman birki masu jure zafi, a auna kaurin faifan.

Bayan birki sai taya. Tayar Beljiyom, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, ba ta da gurbi a nan ko da zanenta bai goge ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319, alal misali, na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa da shekaru, kuma tayar da ta bushe ba ta kama ƙasa. Daga nan a bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, a sabunta shokozoba da duk robobin da suka saki, a wanke lagireto ko a sa sabo, a tabbatar fanka na tashi a kan lokaci. A fitar da kujerar baya, kafet, sifika da duk tarkacen da ba ya aiki, domin rage nauyi shi ne ƙarin gudun da ba a biyan ko sisi a kansa.

Kejin ƙarfen da ake ginawa a cikin mota don kare direba idan ta kife, shi ne wurin da ƙwarewar masu waldarmu za ta iya zama alheri ko masifa. Hannu muna da shi. Matsalar ita ce ƙarfen. Bututun ruwa ko wanda ake yin ƙofar gida da shi yana da ɗinki a jikinsa, idan ya sha bugu sai ya tsage ya zama mashi a cikin mota. Dokar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta nemi bututu marar ɗinki, babban bakan kuma faɗinsa ya kai milimita 45 da kaurin 2.5, ko milimita 50 da kaurin 2. Ƙafafun kejin ba a kan falankin ƙasa kawai ake ɗana su ba, sai an shimfiɗa farantin ƙarfe an ƙarfafa wurin. Keji kuma ba ya tafiya shi kaɗai: yana buƙatar kujerar tsere, bel mai maɗauri biyar ko shida, da hular kwano ta gaske. Wanda ya sa keji ya shiga ba hula, ya kawo wa kansa ƙarfen da zai fasa masa kai ne. A ƙara da tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai, da makunnin da ke yanke wutar batir gaba ɗaya.

A Amurka akwai wani tsere da ake kira 24 Hours of Lemons, wanda aka fara a 2006, inda doka ta hana kashe fiye da dala 500 a kan mota. Amma birki, taya da kayan kare rai ba sa cikin wannan lissafi, ka kashe musu ko nawa ne. A motarka ma, sai bayan an gama da birki, taya da kayan kare rai ake taɓa inji, kuma a shekarar farko sabis mai kyau ya wadatar. Fasa salansa ƙara kawai yake ƙarawa.

Saura babbar tambaya: a ina za a yi tseren? Ba a hanyar Kafanchan zuwa Kagoro ba, ba kuma a ta Kwoi ko Kachia ba, inda 'yan acaba, 'yan makaranta da motocin citta suke rabon kwalta ɗaya. Filin tsere na dindindin da aka sani a ƙasar nan yana Evbuobanosa a jihar Edo, tafiya ce mai nisa. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne matasa su yi rajistar ƙungiya, su nemi shawarar Automobile and Touring Club of Nigeria da ke wakiltar FIA a Najeriya, su sami fili a wajen gari da izinin ƙaramar hukuma da masu ƙasa, su sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, a tanadi motar asibiti, a tsayar da 'yan kallo nesa bayan shinge. A jera robobi a yi hanya, mota ɗaya ta shiga a lokaci guda, agogo ya raba gardama.

Shugabannin ƙananan hukumomin Jema'a, Kaura da Zangon Kataf, da sarakunanmu da masu hali, ku taimaka wa yaran nan da fili. Ku kuma matasa, kafin a sami filin, ku bar titin jama'a ga jama'a.